Shawarwari ga masu zagaya kufan fadojin Wasgau a ƙafa

Masu yawo a Wasgau, yankin kudancin dajin Falz da ke kan iyakar Jamus da Faransa, sun fi ba da shawarar a tashi daga ƙauyen Nothweiler, a hau Wegelnburg, kufan da ya fi kowane zama a kan tudu mai tsayi a yankin, kusan mita 570 sama da teku. Daga nan hanya ta tsallaka Faransa zuwa kufan Hohenburg, Löwenstein da Fleckenstein, don haka a riƙe fasfo. Fleckenstein ne kaɗai ake biyan kuɗin shiga.

Inda aka fi jan kunne shi ne matakala. A jikin jan dutse mai yashi aka sassaƙa su, sun goge da tsufa, da an yi ruwa ko ganye ya rufe su sai santsi. A sa takalmi mai kaifin ƙasa, a sauko a hankali, kada a hau katanga don hoto, dutsen na marmashewa. Ɗakunan cikin dutse duhu ne, tocila na da amfani.

Ruwa lita 2 ga mutum ɗaya, da guzuri, domin bukkokin abinci galibi ƙarshen mako suke buɗewa. A sauke taswira a waya tun daga gida, sabis na ɗaukewa a kwari. Da yamma a duba jiki saboda kaska.