Lasisin tuƙi ga baƙon da ya dawo Abuja: abin da aka ce

'Yan'uwa, maganar ɗan'uwanmu da ya taso daga Maraɗi, yana tambayar yadda zai sami lasisin tuƙi a Abuja, ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro ta wuri guda.

1. Kowa ya yarda a fara da takardar zama da lambar NIN, wato lambar shaida ta ƙasa. Idan babu NIN, aikin ba ya tafiya.

2. Sai makarantar tuƙi wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, domin da takardarta ake cike fom. A nan aka rabu. Wasu sun ce wanda ya shekara 10 yana jan mota me zai koya? Mafi yawa sun ce ya daure, don titin Kubwa da safe ba irin na gida ba ne. Ni ma nan na tsaya.

3. Gwajin tuƙi wurin VIO ne, wato jami'an duba motoci, a unguwar Mabushi. Daga nan sai ɗaukar hoto da zanen yatsu, a ba ka lasisin wucin gadi na kwana 60.

4. Cikakken lasisin, na shekara 3 ko 5? Aljihunka ne zai yanke.

Inda aka fi zafi shi ne 'yan kamasho. Mutum biyu sun ce suna rage wahala. Wani kuwa ya ce kati mai ƙyalli aka miƙo masa ta tagar mota, bai taɓa dangwala yatsa ba, sai da aka tare shi a Nyanya ya gane jabu ne. Don Allah Malam, ka je da ƙafarka.