Don Allah a taimaka: buɗewar fim ɗin fargaba ta minti 2, malam ya ce tamu ta ban tsoro ce

Ɗalibar_Fim ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar fim ku taimaka mana. Mu huɗu ne a gurup ɗinmu, an ba mu asaimen mu haɗa buɗewar fim ta minti 2 kacal, har da sunayen da ake rubutawa a farko, kuma dole ya zama fim ɗin fargaba, wato tirila. Mun riga mun ɗauka sau ɗaya: yarinya tana tafiya ita kaɗai da daddare, wani sanye da baƙaƙen kaya ya rufe fuska yana bin ta da wuƙa, ta waiga ta gan shi ta kwasa a guje, ta faɗi, ihu, sai sunan fim ya fito da jan rubutu. Kiɗa mai ƙarfi tun daga farko har ƙarshe. Mu dai a wurinmu ya yi kyau wallahi, amma da malam ya kalla sai ya ce wannan ai na ban tsoro ne ba tirila ba, kuma wai mun ƙarar da labarin tun a minti na farko, to me ya rage mutum ya zauna kallo? Ga hoton kuma duk ya yi dishi-dishi kamar an watsa masa yashi, da waya muka ɗauka. Saura kwana 12 mu miƙa. Mene ne ainihin bambancin, kuma me za mu cire me za mu bari? Tsorona kar mu cire wuƙar da duhun a ce ba mu bi ƙa'idojin nau'in ba, don akwai maki a kan hakan.

MaiTacewa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya malaminku ya faɗi daidai, kuma kar ranku ya ɓaci, kusan duk wanda aka ba irin wannan aikin wuƙa da mai rufe fuska ne ke fara zo masa a rai. Na ban tsoro so yake ki zabura ki rufe ido, shi kuwa tirila so yake ki kasa ɗauke ido, zuciyarki tana ɗar-ɗar kina jiran abin da kika san yana tafe.

Akwai misalin da Alfred Hitchcock, shahararren daraktan finafinan tirila, ya bayar a hirar da daraktan fim na Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962. Mutum biyu suna zaune a tebur suna hira, kwatsam bam ya tashi, masu kallo sun firgita na daƙiƙa 15 shi ke nan. Amma in an nuna mana bam ɗin a ƙarƙashin teburin tun da farko, an nuna agogo, to hirar nan ko ta shirme ce sai mu yi minti 15 muna kamar mu yi musu ihu su tashi. Abin da ya canza kawai shi ne mu mun san abin da su ba su sani ba.

To ki duba naku. Ita ta ga mutumin, mu ma mun gan shi, ya kama ta, babu sauran tambaya. Ki juya shi mana. Yarinyar ta dawo gida, ta sa makulli sai ta tarar ƙofar ba a kulle take ba, ta ɗan tsaya, ta ɗauka mantuwa ta yi, ta shiga. Ta ajiye jaka, ta kunna fitila, tana waya tana dariya abinta, kamara kuma ta sauka a hankali ƙasa mu ga takalmin da ba nata ba a bayan labule, ko ma ba sai takalmi ba, kofin da ta bari a kife mu gan shi a tsaye da ruwa a ciki. Sai ku yanke a nan ita ba ta san komai ba tukuna, sunan fim ya fito. Ba jini ba gudu, amma duk wanda ya kalla sai ya ce to waye a ciki, me yake so? Aikin buɗewa ke nan, ta dasa tambaya ta ƙi ba da amsa.

Wani amfanin kuma, wannan zai rage wa jarumarku nauyi, don ihu da kukan tsoro in ba ƙwararre ba ne sai ya ba mutane dariya. Ku bar tacewa, wato yanka hotuna da haɗa su, ta yi aikin. Tun wajen shekara ɗari da suka wuce Lev Kuleshov, wani mai shirya fim na Rasha, ya nuna cewa fuska ɗaya da ba ta nuna komai, in aka haɗa ta da hoton abinci sai a ga yunwa, in da akwatin gawa sai a ga baƙin ciki. Ku ɗauki fuskarta tana kallo kawai, ku yanka zuwa abin da take kallo, mai kallo zai cike sauran da kansa.

Haske_da_Inuwa ya rubuta:

Ni kan maganar dishi-dishin zan yi magana 'yar uwa. Kuskuren shi ne kun ɗauka a duhu na gaske. Idon kamarar waya ƙarami ne, in haske ya yi kaɗan sai ta ɗaga ISO, wato yadda take ƙara wa hoto haske, da kanta, shi ne yashin nan da kike gani kuma ba ya gyaruwa sosai a wajen tacewa. Duhun da kike gani a finafinai da fitila ake yin sa. Ku kashe fitilar sama, ku sa guda ɗaya mai ƙarfi daga gefe yadda rabin fuska zai haskaka rabi ya shiga inuwa, in ta yi kaifi ku sa farin ƙyalle a gabanta amma kar ya taɓa ƙwan. Ku danna allon wayar ku riƙe har hasken ya kulle kar ya riƙa hawa da sauka, sai ku ƙara duhun daga baya a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, akwai ta kyauta. In kun ga hoton yana ƙyafta ido, ku saita kamarar ta ɗauki firam, wato hoto, 25 a daƙiƙa in wutar lantarkin ƙasarku mai 50Hz ce, 30 in mai 60 ce.

Kuma don Allah kar ku sake fita titi da daddare da wuƙar gaske da mutum a rufe da fuska. Mai wucewa bai san fim kuke yi ba.

Tsohon_Ɗalibi ya rubuta:

Na yarda da MaiTacewa amma ba duka ba. Yaya ka manta asaimen ne, mai ba da maki so yake ya ga alamomin nau'in ƙarara ya kuma ji dalilinsu. In suka ɓoye komai har ya zama yarinya ce kawai tana waya a ɗaki, za a ce fim ɗin zaman gida ne. Ni a ganina ku zaɓi uku ko huɗu ku yi su da kyau, kamar hasken gefe, ɗauka ta kusa sosai a kan hannu ko makulli, ɗaukar da ke nuna kamar wani ne yake leƙen ta daga ɓoye, da yankan da yake farawa a hankali yana ƙara sauri. Kowanne ku rubuta dalilin sa shi tun yanzu don za a tambaye ku a rahoto.

Sunayen ma kar ku bar su sai daren ƙarshe, mu haka muka yi kuma a nan muka rasa maki. Ki nemi aikin Saul Bass, mai tsara sunayen farkon fim, a buɗewar fim ɗin Psycho na 1960 ki ga yadda layuka kawai da rubutun da ke tsagewa suke tayar da hankali tun ba a ga mutum ko ɗaya ba. Jan rubutu mai ɗigar jini dai ku cire, shi ne ya fara tona ku.

Ɗalibar_Fim ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na gane. Mun zauna da 'yan gurup mun yarda da na ƙofar da kofin. Amma kiɗan fa? In muka cire ba zai yi lami ba?

MaiTacewa ya rubuta:

Tsohon_Ɗalibi ka yi gaskiya kan maki, na karɓa. Ƙanwata kiɗa daga farko har ƙarshe kunne sabawa yake yi da shi, bayan daƙiƙa kaɗan ba a ma jin sa. Ki bar ƙananan sautuka su yi magana, ƙarar makulli, ƙugin ƙofa, ɗigar famfo, numfashinta. Kada ki dogara da abin da wayar ta kama lokacin ɗauka, bayan kun gama ku sake naɗar kowanne daban kusa da makirfo a ɗaki shiru, ku kuma naɗi shirun ɗakin kansa na minti ɗaya ku shimfiɗa a ƙarƙashin komai don kar a ji tsalle duk inda aka yanka. Kiɗan ya shigo can ƙasa-ƙasa lokacin da kamara ta fara sauka, in ta kai kan kofin ki ɗauke shi gaba ɗaya, ɗigar famfon kawai ta rage. Ku tabbata kiɗan naku ne ko wanda aka ba da izinin amfani da shi, in ba haka ba YouTube na iya toshe bidiyon.

In kun haɗa na farko ku nuna wa wanda bai san labarin ba, kar ku yi masa bayani, ku tambaye shi me yake tsammani zai biyo baya. In bai lura da kofin ba ku ƙara wa wannan ɗaukar daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma ku tabbata an nuna shi a kife tun lokacin da za ta fita.