Ma'aikatan lafiya na ƙauye, wane horo ne ya taɓa yi muku amfani da gaske?

Maman Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni JCHEW ce, wato ƙaramar ma'aikaciyar lafiyar al'umma, shekarata huɗu a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Jigawa, mu biyu ne rak. An sake kiran mu wokshop sati mai zuwa, kwana uku a otal, a ba ka jaka da biro da lemo ka dawo. Shi ne na ce bari in tambaya, cikin duk horon da kuka sha wanne ne kuka ga ranarsa a wajen aiki?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ni CHEW ne, matakin da ke gaba da JCHEW, shekara uku na yi a makaranta, littafin Standing Orders na ƙa'idojin duba marasa lafiya kuwa kamar in haddace shi, amma daren da aka kawo min mai ciki tana jijjiga a amalanke wallahi hannuna rawa yake, ga allurar jijjigar, magnesium sulphate, a kabad na kasa taɓawa, sai muka nemi mota. Tun 2014 gwamnati ta fito da tsarin da ya ba irinmu damar yin wasu ayyukan nas da ungozomar asibiti in an horar da mu, amma dama a takarda daban, iyawa daban. Sai da aka tura ni babban asibiti na yi sati biyu a ɗakin haihuwa, wata tsohuwar sista ta tsaya a kaina, in na yi ba daidai ba ta ce sake. Wannan sati biyun ya fi min duk wokshop ɗin da na taɓa zuwa.

Ɗan Maradi:
Mu nan Nijar relais ake ce mana, masu taimaka wa ma'aikatan lafiya a cikin gari, ba mu da difloma, mutanen gari ke zaɓen mutum a horar da shi. Abin da ya zauna min shi ne ƙirga numfashin yaro. Lokotoro ya kawo yara na gaske, ya ce ku ƙirga minti ɗaya cur, daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 ya yi sauri, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Da can duk tari sai mu ce sanyi ne. Yanzu in na ga ƙirjin yaro na lotsawa ba na jira, likita kai tsaye.

Anti Larai:
Maman Ummi ki roƙe su su riƙa yi da Hausa don Allah. Mahaifiyata ungozoma ce ta gargajiya, an taɓa kai su horo mai koyarwa na ta zuba Turanci da majigi, ta dawo na ce Inna me aka ce, ta ce shinkafar dai ta yi daɗi. Daga baya wata ma'aikaciya ta biyo su har gida da 'yar tsana, ta nuna yadda ake shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine a cibiyar jariri maimakon gashi da tsumma ko makilin, ta kuma ce in jini ya ƙi tsayawa kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Har yau Inna na yi, kuma ita ke raka mata awo da kanta.

Malam Na-Kowa:
Ni rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina nake yi, na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Horon ya koya mana ba da na ranar farko a gabanmu, amma ba wanda ya koya mana yadda za ka shawo kan maigida in ya ce ba a shiga, ko yadda za ka tabbatar uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. Wata ta ɓoye nata a kwalla wai sai yaron ya kwanta rashin lafiya. Mai unguwa ne ya cece mu. Maganar alawus kuma a bar ta kawai, sai bayan girbi ya shigo.

Baban Sadiq:
Hhh Malam ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ga kuma a koya maka gwajin maleriya ka dawo babu kayan gwajin wata biyu, ka manta ma digo nawa ake sawa.

Maman Ummi:
Na gode sosai. Ni ma da na tuna, igiyar awon damtse ce ta fi min amfani, na koya wa iyaye mata cewa in igiyar ta nuna ja a damtsen yaro tamowa ce mai tsanani, ƙasa da santimita 11.5, yanzu su suke kawo yaran da kansu. Baban Sadiq ta wace hanya ka bi aka tura ka ɗakin haihuwar nan, ta ƙaramar hukuma ko kai ka nema? Ina so in rubuta takarda kafin Litinin.