Mu tashi yanzu ko mu jira a yanke gero?

Bagobiri:
Assalamu alaikum. Ƙauyenmu na yankin Sabon Birni. Ɓarayin daji sun aza wa gari kuɗin noma, an biya, yanzu sun aiko a ƙara kafin girbi. Mu takwas ne a gida, har da tsohuwa da mai ciki. Don Allah mene ne shawara?

Malam Na-Rima:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Raba gidan biyu. Tsohuwa da mai ciki da ƙananan yara su fara fita, maza biyu su tsaya kan gona, takalmansu a bakin ƙofa. Akwai alamun da ba a tsayawa bayansu: a ƙara kuɗi bayan an biya, maƙwabcin ƙauye ya watse, a janye sojoji daga sansanin da ke kusa, ko 'yan sa-kai su kashe wani daga daji, domin ramuwar gayya kan gari take sauka. Ta farko ta riga ta same ku.

A fita da hantsi, ranar kasuwa, kamar masu zuwa asibiti. Kada a ɗaura katifa ko tukwane bisa mota, masu kai wa ɓarayin rahoto a cikin gari suke. Hanya ma abin tsoro ce: motar da aka ƙone da fasinjoji kusa da Gidan Bawa a Disamba 2021 daga Sabon Birni ta taso. Ku tsai da wurin haɗuwa tun yanzu, a rubuta lambobin waya a takarda. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan ta Sakkwato, kuma in aka sake rufewa, wanda ya ɓace sai dai a bi shi da ƙafa.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa:
Malam, ban yarda da ranar kasuwa ba. A kasuwar Goronyo aka kai harin Oktoba 2021. Direbobin tasha su suka san ranar da hanya ke da dama, su za a tambaya da asuba.

Sai lissafin ciki. Mutum takwas na cin kusan kilo 3 na hatsi kullum, buhu mai kilo 100 wata ɗaya ke nan, ban da itace da ruwa da haya, waɗanda a cikin Sakkwato duk saye ne. Mafi yawan masu komawa ƙauye da wuri yunwa ce ta kore su. Fitar da hatsi kaɗan-kaɗan, rabin buhu kowace fita, a ajiye wurin ɗan'uwa. Dabbobi a sayar tun gari bai watse ba, in kowa ya kawo nasa rana ɗaya farashi ƙasa yake yi. Kuɗin kuma kada su zauna aljihu ɗaya.

Hajiya Ungozoma:
Ɗana, mai cikin nan ita ce ta gaba, musamman in ta shiga wata bakwai. Naƙuda cikin dare a garin da ba a fita, jini ya ɓalle, ba ta da mataimaki. Ta tafi da katin awo. A haɗa shi da katin rigakafin yara, katin ɗan ƙasa da takardar gona, a naɗe a leda biyu, a ɗaure a jiki. Tsohuwa in tana shan maganin hawan jini, a saya mata na wata guda.

Inda aka cunkushe a makaranta ko kango, amai da gudawa ke ɗaukar yara. A tafasa ruwan sha. Gudawa na farawa, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kurɓi-kurɓi har a isa asibiti.