An hana maiɗakina ci da sha a asibiti, ku ba ni shawara

Baban Hanifa, Jega: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da aka yi wa maiɗakina aiki aka ciro jariri. Shekaranjiya cikinta ya kumbura, ga amai kore, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Muka kawo ta Birnin Kebbi. Likita ya ce ƙaramin hanji ne ya toshe, aka zura mata roba ta hanci, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka hana ta ko kurɓar ruwa. Leɓenta duk ya bushe, tana ta roƙon kunu. Surukata ta ce tunda ba magani ake ba ta ba, mu koma gida a yi mata jiƙo. Yaya zan yi?

Maman Sadiq, ma'aikaciyar jinya, Gusau: Wa alaikumus salam. Don Allah Malam kada ka fitar da ita. Maganin ke nan ake yi mata. Bayan aikin ciki, tabo kan manne hanji ta ciki, wani lokaci sai bayan shekaru ya shaƙe shi. Robar tana zuƙo ruwa da iskar da suka taru, hanjin ya huta, ƙarin ruwan kuma ya mayar da gishirin da amai ya kwashe. Mafi yawan masu wannan toshewar haka suke warwarewa ba wuƙa, kuma kowane sabon aiki na iya barin sabon tabo. Likitoci kan saurara har zuwa awa 72. Tambaye su ko akwai Gastrografin, wani ruwan magani da ke fitowa a hoton X-ray: ana zuba shi ta robar a ɗauki hoto, in ya kai babban hanji cikin awa 24, alama ce hanya za ta buɗe.

Amma ka sa ido. In zazzaɓi ya taso, ko ciwon ya daina murɗawa yana lafawa ya zauna daram, ko cikin ya ƙi taɓuwa, kira likita nan take. Hanji na iya mutuwa, lokacin sai tiyata.

Hajiya Inno, Argungu: Ɗana, ƙanwata ta yi irinsa. Auduga muke jiƙawa muna shafa mata a leɓe. Ranar da ta fitar da iska har guɗa muka yi. Ka kai surukarka gaban likita ta ji da kunnenta, cikin ladabi. Allah ya ba ta lafiya.

Baban Hanifa: Amin Hajiya, na gode. Gobe da safe in likitoci sun zo zagaye zan shiga da Inna.