Yaya ake auna ƙarfin ƙungiyar sa-kai a bincike?

Ɗalibar Zamantakewa:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirya bincike a kan ƙungiyoyin sa-kai: na ma'aikata, na wasanni da na taimakon juna. Shin yawan mambobin da ke rajista ya isa ya nuna ƙarfin ƙungiya?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam. Rajista kaɗai za ta yaudare ki, domin ba kasafai ake goge sunan wanda ya daina zuwa ba. Ki nemi takardar halartar taro, littafin kuɗin wata da rubutaccen bayanin zama, na aƙalla wata 12. Ki fitar da matsakaicin masu halarta, ki raba da adadin masu rajista. A takardar tambayoyi kuma kada ki tsaya a “kai mamba ne?”, kowa zai ce e. Ki tambayi sau nawa ya je taro cikin wata uku da suka wuce. Masanin siyasa Robert Putnam ya nuna a 2000 cewa a Amurka ƙungiyoyin da mamba ke aika kuɗi kawai sun bunƙasa, alhali na haɗuwa ido da ido suna ja da baya.

Hajiya Rabi:
Ƙanwata, ki duba shugabancin ma, nan ne ciwon yake. Masanin zamantakewa Robert Michels ya nazarci jam'iyyar SPD ta Jamus, ya kammala a 1911 cewa ƙungiya in ta girma, 'yan tsiraru ke riƙe ta, saboda su ke da lokaci, takardu da sanin kan aiki. Ki jera sunayen masu muƙami na shekara 10. Zaɓe nawa aka yi da ɗan takara fiye da ɗaya? Su wa ke kawo shawara a zama? In sunaye biyar ne ke ta juyawa, yawan mambobi ba ya nufin komai. Ki lura kuma da 'yan cin bulus, waɗanda masanin tattalin arziki Mancur Olson ya yi bayaninsu a 1965: in amfanin zai kai ga kowa, da yawa ba za su biya ba, sai an ware wata moriya ga masu biya kaɗai.

Dakta Aminu:
Hattara wajen fassara sakamako. In kin ga mambobi sun fi yarda da mutane, mai yiwuwa masu wannan halin ne suka shiga tun farko. Sai kin tambayi mutanen nan dai kafin shigarsu da bayanta. Kuma yawan ƙungiyoyi ba ya lamunce dimokuraɗiyya: masaniyar siyasa Sheri Berman ta nuna a 1997 cewa Jamus ta zamanin Weimar, wato jamhuriyar da ta gabaci mulkin Hitler, cike take da su, kuma ta cikinsu 'yan Nazi suka kutsa cikin jama'a. Don haka ki rubuta ko ƙungiyar tana haɗa mutane mabambanta, ko iri ɗaya kawai take tarawa.