NECO ɗin ƙanwata ta fi WAEC kyau, in muka canza yanzu zai yi tasiri a Medisin?

Yayan_Ummi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah waɗanda suka san harkar adimishan ku ba ni shawara, maganar ƙanwata ce. Ta ci 281 a JAMB bana, Medisin ta cika a wata jami'ar tarayya nan arewa, kuma mu 'yan jihar da jami'ar take ne. Lokacin rijista rizal ɗinta bai fito ba sai aka sa mata tana jira, da WAEC ta fito a Agusta muka je aka ɗora mata. To WAEC ɗin ce ba ta yi daɗi ba, Turanci B3, Lissafi B3, Bayoloji B2, sai Kemistiri C5, Fiziks kuma C6. Yanzu NECO ta fito wlh kamar ba yarinya ɗaya ba, Kemistiri A1, Bayoloji A1, Fiziks B2, Lissafi B2, Turanci ne kawai ya sauko C5. Ta riga ta zana Post-UTME, wato jarrabawar tantancewa ta ita jami'ar, lis ɗin waɗanda aka ɗauka bai fito ba, a CAPS, shafin JAMB da ake ganin adimishan, har yau babu komai. Shin za mu iya cire WAEC mu sa NECO, ko a haɗa su biyun a ɗauki Turancin WAEC da sauran na NECO tunda hakan zai fi yawa? Kuma ma zai yi amfani ko an riga an gama lissafi mu haƙura? Baba kuma cewa yake kawai a buga takardar a kai ma wani saninsa da ke aiki a makarantar shikenan. Yarinyar nan ko abinci ba ta iya ci.

Malam_CBT:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni aikina kenan a santa, duk shekara in NECO ta fito haka muke fama da layi. Eh ana iya sake ɗora wani rizal a JAMB, amma ba a waya ba kuma ba kowane kafe ba, sai santar CBT, wato ta jarrabawa a kwamfuta, da JAMB ta amince da ita ko ofishinsu na jiha. Ku je da ita kanta yarinyar, da lambar rijistarta da rizal ɗin NECO da kuka buga da tokin. In an gama kar ku tafi gida sai kun shiga CAPS ɗinta kun buɗe wajen O'level, wato rizal ɗin WAEC ko NECO, kun ga sabon ya hau da idonku, ku duba darasi ɗaya bayan ɗaya, don gaggawa tana sa a sa ma Fiziks makin Bayoloji.

Abin da mutane ke mantawa shi ne waje biyu ne. Akwai na JAMB, akwai kuma fotal ɗin ita jami'ar inda kuka cike fom ɗin Post-UTME. Da yawa makarantu da abin da ka cike a fotal ɗinsu suke lissafi, in ka gyara a CAPS ka bar na makaranta da tsohon rizal to da tsohon za a auna ka. Wasu sukan sake buɗe fotal na ɗan lokaci saboda masu jiran NECO, wasu in sun rufe sun rufe kenan. Ku duba sanarwa a shafin makarantar yau ɗin nan ba gobe ba.

Batun haɗawa kuwa a'a, kar ku soma. Jami'o'i da dama kiredit biyar ɗin nan na Medisin, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, a zama ɗaya suke son su. Da kun haɗa WAEC da NECO kun zama zama biyu, saboda banbancin B3 da C5 a Turanci ku jawo a cire ta gaba ɗaya. NECO ɗin ita kaɗai ta wadatar.

Sadiya_400L:
Yaya barka da ƙoƙari, Allah Ya bar zumunci. Ni ina aji huɗu a Medisin, bari in amsa maka ɗaya ɓangaren, wato ko canjin zai yi amfani. Amsar tana ga yadda makarantarku ke haɗa maki, don ba tsari ɗaya ba ne a ƙasar nan, kowace jami'a da nata, kuma wani lokaci sukan canza daga shekara zuwa shekara.

Bari in ba ka misali biyu da aka san tsarinsu a fili. Jami'ar Ibadan raba makin JAMB take da 8, ta raba na Post-UTME da 2, ta haɗa. A irin wannan tsari O'level sharaɗi ne kawai, mai A1 biyar da mai C6 biyar duk ɗaya suke in dai kiredit ɗin sun cika, kenan da can Ummi ta nema canjin nan ba zai ƙara mata ko ɗigo ba. Jami'ar Legas kuwa JAMB kashi 50, Post-UTME 30, O'level 20, kuma kowane gired da makinsa, A1 maki 4, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 2. Na ɗauki biro na lissafa maka da wannan ma'aunin, WAEC ɗinta ta ba da 14.4, NECO ta ba da 17.6. Banbancin 3.2 ne, za ka ga kamar ba komai, amma tunda raba JAMB ake da 8 to 3.2 ɗin nan daidai yake da maki 25 da ɗoriya a JAMB, kamar a ce 281 ɗinta ta koma 306. A Medisin inda mutum goma za su taru a kan maki ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne, wlh akwai waɗanda ƙasa da maki ɗaya ya raba su da gurbi.

Saboda haka ka nemo sanarwar Post-UTME ta makarantarku ta bana ka karanta yadda suka ce za su haɗa. In O'level na ciki ku ruga. In baya ciki ma ni dai da zan sa NECO ɗin, don ba ta rage komai ba, kuma in an zo tantance takardu gara a ga Fiziks B2 da a ga C6.

Sai kuma ka sani 281 maki ne mai kyau amma ba tabbas ba ne. Wannan 150 da aka sanar a 2025 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a ba ruwansa da Medisin, shi na buɗe ƙofa ne kawai. Abin da ke matse mu shi ne kota, hukumar MDCN mai kula da aikin likita ce ke yanke ma kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta, ko shugaban jami'a ba shi da ikon ƙarawa yadda ya ga dama. A cikin wannan ɗan adadin ne jami'o'in tarayya ke rabawa, kashi 45 cancanta zalla ko daga ina kake, 35 'yan yankin jami'ar, 20 jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, wanda yawancin jihohin arewa suna ciki. Kasancewarku 'yan jihar yana taimako, amma ka tuna duk 'yan jiharku masu 280 da 300 can suka nufa su ma.

Abu_Hanif:
Ni maganar Baba ce ta tsaya min. Ɗan'uwa ka lallaɓa shi cikin ladabi, zamanin kai takarda a ambulan ya wuce tun da aka kawo CAPS a 2017. Saninsa ko da zuciya ɗaya yake son taimakawa, sunan da makaranta za ta tura sai JAMB ta gani ta amince, kuma abin da ke kan kwamfuta za a duba ba abin da ke cikin durowar wani ba. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba matsala ce ke jiran mutum a gaba, sunanka ba zai hau jerin ɗaliban da JAMB ta sani ba, sai ka gama shekara shida ka zo tafiya bautar ƙasa a fara yawo da kai. In dai za a yi amfani da mutumin to a tambaye shi abu ɗaya, an rufe gyaran rizal a fotal ko ba a rufe ba, in an rufe wane ofishi ake kai takardar roƙo. Wannan kam zai iya sani cikin minti biyar.

Anti_Malama:
Ɗana, ni malamar sakandare ce, yara da yawa sun bi ta hannuna a kan wannan buri na likita. Su Malam sun gama maka bayanin ɗorawa, ni abin da zai biyo baya zan faɗa. Ku riƙa leƙa CAPS kullum, domin in ba ta kai ba makaranta na iya tura mata tayin canjin kwas, su ce ga Anatomi ko Fiziyoloji ko wani kwas na kimiyya, kuma sai ita ta danna ta amince kafin a ci gaba. Ku zauna ku yanke shawara tun yanzu me za ku yi in hakan ta faru, kar ranar ta zo ana kuka ana danna abu cikin ruɗewa. Ni dai ra'ayina ta karɓa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In ta fita da digiri mai kyau akwai hanyar DE, a shiga aji biyu kai tsaye, na ga waɗanda suka bi ta nan yanzu suna asibiti suna duba marasa lafiya.

Amma kar wani ya ruɗe ku da cewa ta shiga kowane kwas in ta yi ƙoƙari a aji ɗaya za a mayar da ita Medisin. Wasu makarantun sam ba sa yi, masu yi ɗin ma gurbin kaɗan ne saboda kotar nan da Sadiya ta faɗa.

Sadiya_400L:
Anti ki yi haƙuri a nan kam ban bi ki duka ba. DE ɗin nan gurbinta ya fi na JAMB ƙaranci, ga masu IJMB, wato karatun share fagen shiga aji biyu, ga masu digiri duk a layi ɗaya, kuma shekara huɗu ce za ta fara tafiya kafin ma a zo maganar, sannan ta sake biyar. Yarinyar da ta ci 281 a zaman farko kuma yanzu tana da NECO mai A1 biyu a hannu, in ta zauna ta yi karatu da gaske ta sake JAMB shekara ɗaya kawai ta rasa, kuma wannan karon rizal ɗinta na hannu tun ranar rijista babu zancen jira. Rizal ɗin JAMB ne ke mutuwa bayan shekara, NECO ba ta mutuwa. A ajinmu waɗanda suka shigo a zama na biyu ko na uku suna da yawa, ba abin kunya ba ne.

Ko kuma ta haɗa biyun, ta karɓi kwas ɗin tana zuwa aji ta sake cike JAMB, sai dai kuɗi biyu ne da wahala biyu, wannan kuma aljihun Baba ne zai faɗa.

Anti_Malama:
'Yata ke kina maganar wadda ta samu ne. Zaman gida shekara guda ga 'ya mace ba kamar na namiji ba ne, kin san abin da nake nufi, kafin JAMB ta zagayo an fara sallama a ƙofar gida. Su dai suka san gidansu.

Yayan_Ummi:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Mun je santa da safe an ɗora NECO, na gani da idona ta hau a CAPS. Na kuma nemo sanarwar makarantar, O'level na cikin lissafinsu. Saura fotal, wajen gyaran a kulle yake, sanin Baba ya ce a rubuto takarda zuwa ofishin adimishan. Malam_CBT me da me za mu haɗa da ita? Anti maganarki ta ƙarshe kuma na karanta ma Umma, dariya kawai ta yi ta ce a gaishe ki.

Malam_CBT:
Madalla. Takardar ta zama gajera, da sunan ita Ummi ba naka ko na Baba ba, a sa lambar JAMB ɗinta da kwas ɗin da ta nema a sama, a ce ana roƙon a sauya rizal daga WAEC zuwa NECO zama ɗaya. Ku haɗa da rizal ɗin NECO, da silif ɗin JAMB, da na Post-UTME, da shafin CAPS da ke nuna sabon ya hau. Ku yi kwafi biyu, in an karɓa a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗaya ku dawo da shi gida. Ku kai gobe da sassafe, don in lis na farko ya fita da tsohon maki sai dai ku jira na biyu.